Tsoron sauyin yanayi ya hana ni barci, har ina so in sayar da gonar gado

"Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 28 daga yankin Haɗejia. Na gama digiri na yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba sai na koma gonar da mahaifinmu ya bar mana. A 2022 ruwa ya cinye mana shinkafa gaba ɗaya ana saura 'yan makonni a yanka. Tun daga lokacin na shiga kallon bidiyon sauyin yanayi a TikTok da YouTube, kuma wallahi abin ya zame min ciwo. Wani yace nan da 2030 komai ya ƙare, wani yace Arewa zata zama hamada ba mai iya zama. Yanzu ko hadari na gani sai gabana ya faɗi, barci kuwa sai wajen ƙarfe uku. Ina so in sayar da kasona na gona in tafi Abuja ko Legas. An sa min rana bayan babbar sallah amma ji nake kamar in ɗaga, don ina tunanin wace irin duniya zan kawo yara. Yayana yace duk ƙaryar Turawa ce, ruwa da fari ikon Allah ne, Hajiyarmu kuma sai kuka. Na rasa wa zan bi."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin in ce komai, Allah ya mayar maka da alherin abin da ruwa ya ci. Ba ƙaramin abu bane mutum ya yi reno, ya dasa, ya zuba takin da a bashi ya karɓo, ya sha rana yana korar tsuntsu, shinkafa ta fitar da kai har ta fara ja, sannan a wayi gari ruwa ya hau kanta, in ka tsaya a bakin gona sai dai ka hango kawunanta nan da can suna leƙowa, bayan kwanaki ruwa ya janye ya bar maka baƙar ruɓaɓɓiyar ciyawa da wari, ga mai taki yana jiran kuɗinsa. Duk wanda wannan ya same shi dole ya ji a jikinsa.

Na fara da wannan ne saboda ni a ganina ciwonka ba a waya ya fara ba, a bakin gonar nan ya fara. Bidiyoyin zuwa suka yi suka tarar da zuciya a tsorace suka ɗora a kai. Shi yasa ko yau ka goge TikTok, in baka koma ka zauna da maganar gonar ba faɗuwar gaban bazata bari ba. Kuma dan Allah kar ka ɗauka ragwanta ce ko raunin imani. A 2021 an yi wani bincike da aka tambayi matasa 10,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya a ciki, kashi 59 cikin ɗari suka ce sauyin yanayi na damunsu matuƙa, kusan 4 cikin kowane 10 kuma suka ce suna shakkar haihuwa saboda shi. Kaga tunanin da kake ɓoyewa kana jin kunyarsa, mutane da yawa na fama da shi.

Toh bari mu fara da abin da yake gaskiya, don bazan lallashe ka da ƙarya ba. Duniya na ƙara zafi. Wannan ba ra'ayin Bature bane, awo ne, ma'aunin zafi ne da ake karantawa kullum a dubban tashoshi, har da namu na Kano da Nguru da Maiduguri. Sanadinsa hayaƙin da ke fita in an ƙona kwal da fetur da gas, sai kuma sare dazuka. Iskar kabon da ke cikin hayaƙin tana taruwa a sama ta riƙe zafin da ya kamata ya fice, kamar dai a ƙara wa mai barci bargo a kan bargo. Kafin zamanin masana'antu, in ka raba iska gida miliyan ɗaya kabon ɗin wajen 280 ne, yanzu ya haura 420. Shekarar 2024 ta kafa tarihin zafin da ba a taɓa aunawa ba. A watan Afrilun shekarar garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma kai ma nasan baka manta yadda aka sha azumin shekarar ba, wanda ya faɗo a Maris da Afrilu, mutane suna jiƙa zani suna lulluɓa.

Abin da ya fi shafarka kai manomin fadama shine alaƙar zafi da ruwa. Duk digiri 1 da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin ɗari, wato hadari yana haɗowa da kaya fiye da da, in ya tashi saukewa sai ya sauke a lokaci guda. Masana da suka bi hotunan tauraron ɗan adam sun gano cewa manyan hadurra masu ƙarfi a yankin Sahel, wato wannan yanki namu na bakin hamadar Sahara, sun ninka sau uku daga 1982 zuwa wajen 2016. Ambaliyar da ta ci shinkafarka ma ba ku kaɗai ta ci ba, a 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin Najeriya, sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Don haka idonka ba gizo yake maka ba, kuma wanda yace maka ba komai bai faɗa maka daidai ba.

Amma maganar 2030, wannan kam an cuce ka. Ga asalinta. A 2018 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira IPCC, ya fitar da rahoto yace in ana so a tsayar da ƙarin zafin a digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu, wanda shine burin da ƙasashe suka sa a yarjejeniyar Paris ta 2015, to sai an rage hayaƙin da kusan kashi 45 cikin ɗari kafin 2030. Wa'adin aiki ne aka ba gwamnatoci da masu masana'antu. Daga nan masu neman a kalle su suka ɗauka suka juya, suka ce saura shekara 12 duniya ta tashi, aka sa kiɗa mai ban tsoro da hoton ƙasa a tsage. Babu inda rahoton ya faɗi haka. Ko an wuce 1.5 ɗin, kuma alamu sun nuna za a wuce, ba a ranar komai zai ruguje ba, abin a hankali yake ƙara nauyi, 1.6 ya fi 2 sauƙi, 2 ya fi 3 sauƙi, shi yasa duk ɗan abin da aka rage yana da amfani. Kafin yarjejeniyar Paris ana hasashen duniya ta doshi ƙarin wajen digiri 4 a ƙarshen wannan ƙarnin, yanzu hasashen ya sauko zuwa wajen 3 ko ƙasa da haka kaɗan. Har yanzu yayi yawa, sosai ma, kuma mu talakawan ƙasashe masu zafi mu zamu fi jin jiki, ban ɓoye maka ba. Sai dai lissafin yana motsi, ba a daskare yake ba. Farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kai shaida ne, lokacin da kake sakandare mutum nawa ne ke da sola a garinku, yanzu fa har mai cajin waya a bakin kasuwa yana da ita. Sanin ranar tashin duniya kuwa, malamin kimiyya bai ce ya sani ba, malamin addini kuma ya gaya maka na Allah ne shi kaɗai, to wani yaro mai riƙe da waya ina ya samo?

Sai maganar wai Arewa zata zama hamada. Nan ina so ka ɗan nutsu ka ji tarihi, don shine zai fi kwantar maka da hankali. Ƙasarmu ta daɗe tana ganin fari. Kakannin kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. An samu damuna mai albarka a shekarun 1950, sannan ruwa ya ja baya, aka yi farin 1972 zuwa 1974 wanda ya kashe dabbobi ba adadi, aka sake yin na 1983 zuwa 1985 wanda 'yan uwanmu na Nijar har yau suke kiran yunwarsa El-Buhari. A wannan tsakanin ne Tafkin Chadi, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Hoton nan na tafkin da ake ta yawo da shi a bidiyo gaskiya ne, amma ba a cika gaya maka ci gaban labarin ba: tun shekarun 1990 ruwan sama ya fara dawowa, tafkin ma ya daina raguwa har ya ɗan farfaɗo. Kuma yawancin hasashen masana na nuna tsakiyar Sahel, wato wajenmu da Nijar da Chadi, ruwa ƙaruwa zai yi ba raguwa ba. Eh akwai rairayi da ke cin gonaki a Yusufari da Machina da wasu wurare na kan iyaka, wannan ma gaskiya ne, amma sare itace da ƙasar da aka gajiyar da noma ba hutu suna da babban kaso a ciki.

Kenan abin da ke gabanka ba rashin ruwa bane, rashin tabbas ne. Damuna ta yi kamar ta sauka ka shuka, sai ta ɗauke kwana 15 ko 20 tsiro ya ƙone ka sake shuka, can a Agusta da Satumba kuma ta juye maka na wata guda cikin kwana uku, ga zafin bazara yana ƙaruwa. Wannan matsala ce babba amma matsala ce mai suna, mai lokaci, wadda ake iya zama a yi mata shiri, ba irin tsoron nan marar kai marar gindi da ke hana ka barci ba.

Wani abu kuma da bidiyon waje bazai taɓa gaya maka ba, don bai san Haɗejia ba: ba duk ambaliyarku ce ta sauyin yanayi ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗejia ta canza, da a rani bushewa yake, yanzu ruwa na gudana kusan duk shekara, wannan ya ba ciyawar kacala damar bunƙasa ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka cike wasu, to in ruwa ya taho da yawa ina zai bi in ba gonakinku ba? Haka abin da ya faru a Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, ruwan sama mai yawa ne ya haɗu da dam ɗin Alau da ya daɗe yana neman gyara, kuma a 1994 ma an taɓa yin irinta. Na kawo wannan ne don ka gane wani kaso na abin yana hannun mutane, yashe kogi, yanke kacala, gina jinga, gyaran dam, kwashe ledar fiya wata daga kwata. Hayaƙin duniya ba kai zaka tsayar ba, Afirka gaba ɗayanta ko kashi 4 cikin ɗari bata fitarwa, manyan masu fitarwa su ne China da Amurka da ƙasashen Turai da Indiya, don haka ka sauke wannan nauyin daga kanka. Amma zuwa wajen mai unguwa da kansila da ɗan majalisa a kan maganar jinga, da fita aikin gayya kafin damuna, wannan naku ne, kuma kai mai digiri kai ya kamata ka rubuta musu takardar.

Yanzu maganar sayar da gona. Shawarata kar ka sayar, aƙalla ba yanzu ba, ba kuma a wannan halin da kake ciki ba. Mutumin da baya samun barci bai kamata ya yanke hukuncin da ba a warwarewa ba. In kuma ruwa kake gudu, Legas a bakin teku take, duk damuna unguwanni suna nutsewa, Abuja ma akwai unguwannin da ruwa ke shiga gidaje, Mokwa ta jihar Neja da ruwa ya kashe sama da mutum 150 a watan Mayun 2025 ai cikin gari ne ba gona ba. Kuɗin gona in ka kai birni, haya da abinci da jiran aiki zasu cinye shi kana kallo, kuma gonar gado in ta fita daga gida da wuya ta dawo. In ka ga lallai sai ka je ka gwada neman aiki, ba laifi bane, je ka, amma ka ba da kasonka haya ko ka bar wa yayanka ya noma ku yi yarjejeniya a gaban shaidu.

Abin da nake so ka yi kafin nan shine ka binciki gonar kanta, ita kaɗai, ba duniya ba. Ka samu dattawa biyu ko uku da suka daɗe suna noma a wannan fadamar, ka zauna da su da biro da takarda, ka tambaye su wace shekara da wace shekara ruwa ya hau wannan wajen, a 2001 fa, a 2012 fa, 2018, 2020, ina ya tsaya, kwana nawa ya yi kafin ya janye, a wane wata ya zo. Su nuna maka a jikin bishiya ko a gaɓa, zaka sha mamakin yadda suke riƙe da waɗannan abubuwan. In ya fito cewa sau ɗaya ne a shekara goma, to gonarka lafiyarta ƙalau, shiri kawai take so. In kuma ya zama kusan shekara bayan shekara ne, to ba sayarwa ce mafita ba, canza mata aiki ne, ta zama gonar rani, ka daina zuba babban jarinka a cikinta da damuna, ka bari ruwa ya janye ya bar maka laka da danshi ka shiga da alkama ko shinkafar rani ko albasa da tumatir. Nasan tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ruwa da injin fetur ya zama wahala, shi yasa manoma da yawa ke komawa famfon sola, in kuɗin ya fi ƙarfinka ku haɗu ku uku ko huɗu masu maƙwabtaka ku saya.

Ko da damunar ma akwai dabara. Akwai irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a Najeriya a 2017 musamman don wuraren ambaliya, suna iya jure nutsewa har wajen mako biyu su farfaɗo, in dai ruwan ya same su suna ganye, ba bayan sun fitar da kai ba. Akwai kuma FARO 44 da kuka sani mai saurin nuna, wadda in ka yi reno da wuri da ban ruwa ka dasa da wuri, kana iya yankewa ko ka kusa kafin babban ruwan ƙarshen damuna. Ka je wajen malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jigawa, ka tambayi inda ake samun ingantaccen iri, kar ka sayi na bakin kasuwa da ba a san asalinsa ba. In kuna da ta tudu, ka raba ƙafa, gero Sosat da ke nuna cikin kamar wata uku, wake ɗan wuri, riɗi, zoɓo, waɗanda Jigawa dama an santa da su, yadda in ɗaya ya faɗi ɗaya zai ɗauke ka. Sannan duk farkon shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damuna, yaushe ake sa ran saukarta a kowane yanki, yaushe zata ɗauke, ina ake tsoron tsaikon ruwa, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Hasashe ne, wataran ya saɓa, amma shi ya kamata ka riƙa nema a wayarka, ka karanta ka fassara wa waɗanda basu iya karatu ba, musamman masu gaggawar binne ko shuka a ruwan farko.

Akwai wani labari da nake so ka riƙe, na nan kusa da ku ne, tsallaken iyaka. Bayan farin shekarun 1980 gonakin Maraɗi da Damagaram sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka, an yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Sai wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura, wajen 1983, cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyayi bane, kututturan bishiyoyi ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Aka fara gwada barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ana yanke sauran, manoma suka sa masa suna sassabin zamani, ya bazu daga gona zuwa gona, maƙwabci na gani a wajen maƙwabci. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a kudancin Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damuna baya yi wa shuka inuwa, ya taki ƙasa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Hausawa ne irinka suka yi wannan, da adda da lauje, a ƙasar da ta fi taku ƙarancin ruwa, kuma a lokacin da ake cewa tasu ta ƙare. In akwai tsiron gawo ko kanya ko aduwa a gonarku ta tudu, bana kar ka bari a sassabe shi.

Yayanka kuma, ka daina musu da shi a kan Turawa, ba inda zai kai ku. Rabin maganarsa gaskiya ce, ruwa da fari da ikon Allah suke, kai ma ai baka musa ba. Inda ya tsaya ne bai ƙarasa ba. Cuta ma da ikon Allah take amma muna zuwa asibiti. A cikin suratur Rum an gaya mana ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Annabi Yusuf alaihis salam da aka nuna masa shekaru bakwai na fari na tafe, cewa ya yi a yi noma a adana hatsi a zangarniyarsa, ya tsara abin shekara da shekara. Ba sai yayanka ya yarda da kalmar sauyin yanayi ba kafin ku yi aiki tare. Ce masa kawai, Yaya, kai da ka fi ni daɗewa a gonar nan, damunar yanzu irin ta lokacin Baba ce? Zaka ji da bakinsa zai lissafa maka abin da ya canza, daga nan sai ku shiga maganar iri da jinga da noman rani. Ka bashi girmansa, shine babba, kuma ina kyautata zaton shi ma asarar 2022 ta taɓa shi, kowa da yadda yake ɗaukar abu, wani ya yi ta bincike wani kuma ya ƙi son a tada maganar.

Aure kuwa, ƙanena, kar ka ɗaga saboda wannan dalilin. In da cewa ka yi baka da abin riƙe ta ko akwai matsala tsakaninku, da sai mu yi wata maganar. Amma yarinya an sa mata rana, iyayenta sun shaida wa dangi, ka zo ka ɗaga a kan wata shekara da ba wanda ya ce duniya zata ƙare a cikinta, wannan zaluntarta ne kuma zaluntar kanka ne. Mahaifinka ya ga farin 1973 da na 1984, a lokacin ba hasashen NiMet a waya, ba sola, ba titi mai kyau da za a kawo hatsi daga wani wuri, kuma ya yi aure ya haife ku ya bar muku gona. Yaranka zasu taso a duniya mai zafi fiye da wadda ka taso a ciki, wannan haka yake, shi yasa suke buƙatar uba mai ilimin abin, wanda zai san inda zai gina gida da inda bazai gina ba, ya ɗaga dandamalin ɗaki, ya yi wa gindin katangar ƙasa siminti, ya sa silin a ƙarƙashin kwano, ya dasa darbejiya a tsakar gida, ya san in zafin Afrilu ya tsananta jariri da tsoho ake fara dubawa a basu ruwa. Kuma ka gaya mata abin da ke damunka, a hankali, ba da sigar tsoratarwa ba. Ta riga ta lura ka canza, in baka faɗa mata dalili ba zata ɗauka ita ce ka daina so.

Saura waya da barci. Su TikTok da YouTube an gina su ne su ƙara maka irin abin da ka tsaya ka kalla, ka kalli bidiyon tsoro ɗaya har ƙarshe su kawo maka goma, ba don sun fi gaskiya ba sai don sun ga suna riƙe ka. Duk wanda ya zo maka da shekarar ƙarewar duniya, ko yace wai wasu ne ke harba abu sama suna kawo ambaliya, ka danna alamar baka so, ka wuce. Duk bidiyon da ka gani ka tambayi kanka waye mai maganar, ina ya samo, wace ƙasa yake nufi, wace shekara aka ɗauki hoton. Bayan isha'i waya ta kwana a wani ɗakin, in labarin yanayi kake so ka ware masa rabin awa da rana sau ɗaya ko biyu a mako, daga rediyo ko shafin hukumomin da na ambata. Ka koma majalisa, ka koma ƙwallo in kana yi, ka gajiyar da jikinka da aiki, ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma.

In ka yi wannan na wata guda barcin bai dawo ba, ko ka ga abinci ya fita ranka, ko zuciya na bugawa da ƙarfi haka kawai, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa maka, to kar ka jira, ka je babban asibiti ka gaya wa likita kamar yadda ka gaya min. Damuwa irin wannan bayan asara ciwo ce da aka sani kuma ana maganinta, ba hauka bace. In tunanin mutuwar ne ma kar ka bari ya kwana, ka faɗa wa yayanka a ranar ku tafi tare.

Hajiya kuma ka same ta yau, ka ce mata gona ba za a sayar ba kuma rana tana nan, don kukan da take yi na tsoron rasa ka ne da rasa abin da mijinta ya bari. In ka zauna da dattawan nan ka sake rubuto min abin da suka ce game da shekarun da ruwa ya hau fadamar, da girman gonar, da ko kuna da ta tudu, sai mu duba wanne ya kamata ka sa a gaba bana, damuna ko rani.